Yadda Muka Nemi Rediyo a Hanyar Tungar Bagu

Tun da na dawo daga Nijar ban zauna a majalisarmu ta bayan la'asar ba tare da wani ya ce in ba shi labarin tafiyar ba. Na faɗa sau da yawa har na lura kowane faɗi yana ɗan bambanta da na jiya, ga kuma taubashina Alu can Kalgo yana ba da nasa, wanda a ciki ni ne mai laifin komai. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya yadda abin ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Sunana Umaru, a Gwandu aka haife ni, kuma shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin hanya kafin in yi ritaya, rabinsu ina heluma, wato shugaban leburori. Ina da yaya guda da muke uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Kulu. An kai ta aure wani ƙauye da ake kira Tungar Bagu, bayan Gaya, ina aji biyu na sakandare. Ita takan zo gida jefi-jefi, zuwanta na ƙarshe shi ne rasuwar mahaifiyarmu, shekara goma sha tara ke nan. Mu kuwa, ban da Baba da ya je sau ɗaya, babu wanda ya taɓa taka garin. Da mijinta Malam Bagudu ya rasu ina kwance an yi mini aikin ƙafa, ta waya muka yi ta'aziyya. Da ta fita takaba sai dangi suka zauna suka ce ta dawo gida haka nan, ɗa namiji ba ta da shi, 'ya'yanta mata duk sun yi aure. Aka gyara mata ɗaki, aka sa sabon kwanon rufi, aka ce ni zan je in taho da ita.

'Yarta ta uku, Ramatu, malamar firamare ce a garin. Wayarta ba ta samun sabis sai ta hau wani tudu bayan makaranta, don haka ta rubuto mini kwatance a saƙo guda. Ga shi yadda ta rubuta:

"Kawu, in kun fito Gaya ku bi goudron. Bayan péage, carrefour na biyu, ku ɗauki latérite. In kun wuce radier sai ku yi à droite, ku bi piste har couloir. Nan tout droit, za ku ga sentier, shi zai kawo ku gida."

Na karanta sau uku. Hausa ce, amma duk inda maganar ta zo kan hanya sai ta koma Faransanci. Daga baya na gane ita ba ta ma san ta sauya harshe ba, kamar yadda mu nan muke cewa "junction" ko "bypass" muna ganin Hausa muke yi. Da na so da na tambaye ta. Amma mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana shimfiɗa hanya, ya rubuta wa 'yar yayarsa ta fassara masa sunayen hanya, abin ya yi mini nauyi. Sai na amsa mata da "To, na gane."

Alu taubashina ne, ɗan ƙanwar Baba, yana zaune Kalgo yana fataucin albasa. Yana da tsohuwar mota wadda ƙofar bayanta da igiya ake ɗaurewa, kuma ya yi shekaru yana kai kaya kasuwar Gaya. Na bar Gwandu bayan sallar asuba, na bi ta Birnin Kebbi, na same shi a bakin hanya yana zuba wa motar ruwa. Na nuna masa saƙon. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya motsa baki.

"Wanga ai ba komi ba ne," ya ce. "Faransanci ni da shi mun daɗe. Kai dai zamna ka riƙe waya, ka bar mani sauran."

Daga Kalgo zuwa Bunza zuwa Kamba babu abin faɗi. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, hanya kuma na san ta rami-rami domin akwai inda da hannuna na cike. A iyaka aka duba takardunmu da na mota a ɓangarenmu, muka gangara ɓangarensu. Ƙarfe goma na safe ne. Alu ya gyara hula, ya tunkari jami'in da ke zaune a ƙarƙashin rumfa, ya ce masa, "Bonsuwar." Jami'in ya dubi agogonsa, ya dubi Alu, ya ce da Hausa tsantsa, "Alhaji, ina kwana dai. Marece bai yi ba tukuna." Nan ya kamata in fara shakkar Faransancin taubashina, amma ban yi ba. Aka ba mu takardar shiga da mota, wadda suke kira lasefase, muka wuce. Ba mu yi nisa ba layukan wayarmu suka mutu.

A Gaya muka tsaya cin abinci wajen wata mata a gefen tasha. Dambu ta zuba mana da zogale da yaji, ta tsiyaya mai, ta aje burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo da tauri. Alu ya ce haka burodinsu yake, ba bushewa ya yi ba. Na ci dambun, burodin na jiƙa shi a shayi saboda haƙorana. Matar ta ga ina rubutu a ɗan littafina sai ta ce, "Mushe, a ƙaro?" Na aje biro. Alu ya yi dariya har ya ƙware. Ashe a can malamin boko ko duk mai kama da ma'aikaci shi ake kira mushe, girmamawa ce. Na ce ta ƙaro. Mai kuma na mota isansi suke ce masa, makaranta lakwal, babbar mota kamyo. Sauran maganar duk irin tamu ce, har karin harshen ya fi na Kano kusa da na gida.

Kalmomi ukun farko ba su ba mu wahala ba. Goudron kwalta ce, wato abin da muke rubutawa "tarred road" a takardun ofis, mutanen wurin suna cewa gudoro. Péage mun gan shi da ido, sanda ce a gicciye da ɗan ɗaki, ka biya a ba ka tikiti, shi ne "toll gate" ɗinmu na da. Carrefour kuwa mararraba ce, Alu ya san wannan da gaske don akwai mai sayen albasarsa da ke zama a wata karfur. Abin da ya ɗauke mini hankali duwatsun gefen hanya ne, farare masu jan kai, kowanne da sunan gari da nisan da ya rage. Mu ma mun taɓa kafa irinsu, na san inda wasu suke kwance a cikin ciyawa.

A mararraba ta biyu muka sauka kan latérite. Wannan ko Turanci haka take, jar ƙasa ce mai tsakuwa, sai dai su suna jan ƙarshen kalmar. Ba mu yi tafiyar minti ashirin ba hadari ya taso, aka yi ruwa mai ƙarfi na kusan rabin awa. Da ya ɗauke muka iso wani ƙauye muka tarar an gicciya ƙarfe a hanya, wani dattijo yana zaune kusa da shi a kan tabarma yana sassaƙa ƙotar fartanya. Motoci uku na tsaye. Alu ya leƙa ya ce, "Baba, lahiya? Mi ya faru?"

"Ruwa anka yi," in ji dattijon. "Bariyar ruwa ce. Sai hanya ta sha iska."

Alu ya yi magiya, ya ce mu baƙi ne daga Najeriya, motarmu ƙarama ce. Dattijon ya ce ya gani, ya ci gaba da sassaƙarsa. Ni kuwa na fito na zauna kusa da shi, domin abin ya burge ni. Jar hanya in tana jiƙe mota mai nauyi ta bi ta, ta gama da ita, wannan kowane lebura ya sani. Shekaru na yi ina rubuta wa na sama da ni a riƙa rufe irin waɗannan hanyoyi bayan ruwa, ba a taɓa amsa mini ba. Ga shi nan wani tsoho da ƙarfe guda yana yi. Na faɗa masa haka. Bai nuna ya ji daɗi ko bai ji ba, ya dai ce aikinsa ke nan. Awa uku muka yi, muka yi azahar da la'asar a nan, aka sayar mana da muruci dafaffe, don ƙasar giginya ce ko'ina.

Da aka ɗaga ƙarfen na karanta wa Alu abin da ke gaba: "In kun wuce radier."

"Rediyo ke nan," ya ce, bai ko yi jim ba. "Gidan rediyo. Ƙauyukansu duk suna da ƙananan gidajen rediyo. Ka sa ido ga dogon ƙarhe."

Maganar ta yi ma'ana, na sa ido sama. Can gaba hanya ta gangara cikin wani rafi. Babu gada, sai aka shimfiɗa kankare a ƙasan rafin, ruwa na bi ta kansa iya idon sawu, da 'yan ginshiƙai gefe da gefe don direba ya san iyaka. A wurin aiki "drift" muke kiran wannan, na gina guda huɗu a rayuwata. Na sa Alu ya tsaya, na fita na naɗe wando, na taka shi daga wannan baki zuwa wancan, na duba yadda suka kare gefen da ruwa ke faɗawa da duwatsu cikin ragar waya. Na ce wa Alu aikin ya yi kyau. Na ga wata 'yar hanya ta yashi ta ɓalle dama bayan rafin, ban kula ta ba. Muka shiga mota muka ci gaba da neman rediyo.

Sau biyu muka tsaya tambaya. Da sunan garin muka faɗa da an mayar da mu baya. Amma Alu cewa yake, "Ina gidan rediyo?" mutane kuma su nuna gaba, don gaskiya akwai shi a gaba. Kilomita wajen talatin muka ƙara. Rana na gab da faɗuwa muka shiga wani gari mai kasuwa, Bangaro, ga dogon ƙarfe nan tsaye a kan wani gini mai ɗaki biyu. Alu ya buga sitiyari ya ce, "Ka gani?" Muka wuce shi, muka juya dama kamar yadda saƙo ya ce, hanyar ta kai mu ƙofar maƙabarta ta ƙare.

Muka dawo gidan rediyon. Wani mutum siriri mai tabarau, shekarunsa za su kai arba'in, yana alwala a ƙofa. Sunansa Isufu, shi ne mai gabatar da shirye-shirye, shi ne kuma mai tayar da janareto. Bayan magariba na miƙa masa wayar. Ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaya a hankali ko mun ratsa wani rafi mai kankare a ƙasa.

"Mun ratsa," na ce. "Har na sauka na duba shi."

"To shi ne radier."

Alu ya ce ai kalmomin sun yi kama, kuma wanda ya gina irin abin har huɗu shi ya kamata ya gane shi. Wannan ita ce hujjar da yake yawo da ita a Kalgo har yau.

Isufu bai yi mana dariya ba, ko kuma ya bari sai da muka tafi. Ya ɗauko biro ya bi saƙon da ni kalma-kalma, ni ina faɗa masa na Turanci shi yana faɗa mini na Faransanci, Hausa tana tsakiya tana sasanta mu. Piste, in ji shi, hanyar da ba a gina ba, wadda ƙafar mota da amalanke suka fitar, wato "track". Sentier 'yar hanyar ƙafa ce, turba, "footpath" ko "trail". Couloir kuma burtali ne, "cattle route", cikakken sunansa couloir de passage. Sai ya sa yatsa kan kalmomi biyu ya ce in yi hankali da su: à droite shi ne a juya dama, tout droit kuwa a miƙe sak, kada a juya ko'ina. Na dubi Alu. Ya ce shi ma haka zai faɗa in an zo wurin. Na tambayi Isufu "diversion", ya ce déviation. "Shortcut" fa? Ya ce raccourci, amma ya roƙe mu kada mu nemi ko ɗaya a wannan tafiya.

A zauren gidansa muka kwana. Matarsa ta aiko da tuwon gero miyar kuka da kifi busasshe, ba shi da bambanci da na gidana. Kafin ya rufe tashar ya nemi izininmu ya yi sanarwa, don kada mutanen Tungar Bagu su kwana cikin damuwa. Muka yarda. Muna zaune muka ji a rediyon maƙwabci ana cewa baƙi biyu daga Gwandu da Kalgo, masu zuwa gidan marigayi Malam Bagudu, sun wuce hanya amma suna Bangaro lafiya lau. Sau uku ya maimaita, da Hausa da Zabarmanci da Fillanci.

Da safe muka koma rafin, muka yi dama, muka shiga piste. Yashi ne da kwazazzabai, motar Alu tana nishi, sau ɗaya na fita na tura da ƙafata mai ciwo. Bayan kamar awa guda muka fito wani fili mai faɗi da ya ratsa gonaki, an kafa ginshiƙan siminti masu fenti gefe da gefe har iya ganin ido. Wani Bafulatani mai furfura yana tsaye da sandarsa, shanu na wucewa. Muka yi sallama.

"Ku ne na rediyo?" ya ce.

Muka ce mu ne. Sunansa Jaɓɓo, kuma ya san fadamar Kalgo, ya ce ya yi rani uku a can da shanunsa. Na tambaye shi ginshiƙan, ya ce baliz ake ce musu, su ne iyakar kulwar, wato burtalin nan, manomi ba ya shiga ciki, makiyayi ba ya fita waje. Na ce ana kiyayewa? Ya ce wani wuri ana kiyayewa, wani wuri da dare ginshiƙin kan yi tafiya taku goma. Na ce a wajenmu burtalin da na sani ina yaro yanzu dawa ce a kansa. Ya ce ya sani, ya bi ta wurin. Ya nuna mana bakin sentier a ƙetaren burtalin, ya ce mota ba ta shiga, mu bar ta kusa da rugarsa. Haka muka yi, muka taka tsakanin geron da ya fi mu tsawo, tafiyar rabin awa.

Duk wanda muka gamu da shi a Tungar Bagu ya san mu. Ramatu ta taro mu a bakin gari, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, ai cewa ka yi ka gane." Na ce na gane daga baya.

Yaya Kulu tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Ta rame, gashin da ya leƙo daga ɗankwalinta fari fat. Ta dube ni ta ce, "Umaru, ka tsuhwa." Na ce ita ma. Na yi mata ta'aziyya ido da ido, wata biyar bayan lokacinta, ta amsa ba tare da ta nuna mini jinkirin ba. Kwana uku muka yi. Gidan cike yake da jikoki da maƙwabta, da safe mata na zuwa ta raba musu gardama kan adashe ko kan awaki, wata ta zo da jariri ta duba masa cibiya. Tana da gonar gyaɗa da giginya bakwai da mijinta ya bar mata. Rabin maganarta da mutane da Zabarmanci take yi, ban san ta iya ba.

Rana ta biyu da hantsi na isar da saƙon dangi. Na faɗi ɗakin, na faɗi sabon kwano, na ce kowa na jiran ta. Ta saurara har na gama, ta ce a yi wa kowa godiya, za ta yi tunani. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban matsa ba, don na riga na ga abin da na gani. Alu ya ce in ƙara gwadawa, na ce ya gwada da Faransanci.

Ranar komawa ta rako mu da kanta har bakin burtali, tana dogara sanda, Ramatu na biye da ƙullin gyaɗa da gishirin Foga na tsaraba. A hanya ta riƙa tambayata gida. Wane yana nan? Ya rasu. Rijiyar bayan masallaci fa? An rufe, famfo ake sha. Sai ta tsaya ta ce, "Tsamiyar nan ta hanyar Dodoru, inda muke aje hurar Baba in mun kai mashi gona, tana nan?"

Na ce, "An sare ta, Yaya. Lokacin da aka faɗaɗa hanya."

"Wa ya sare?"

Na tuna ranar sarai, ni na sa mata jan fenti, ni na kira masu zarto.

"Mu ne," na ce. "Ni ne heluma."

Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara riƙon sandarta, ta dubi shanun Jaɓɓo da ke gangarowa.

"To ka gani," ta ce. "Ni da ita nake gane kwanar gonarmu. In na koma, Umaru, ɓacewa zan yi, kuma can ba mai sanarwa a rediyo. Ku sa wani cikin ɗakin, kada kwanon ya yi tsatsa a banza."

Ta miƙo mini hannu, abin da ba ta taɓa yi ba tun muna yara, na riƙe. Sannan ta juya ta shiga cikin geron, Ramatu na bayanta, mu kuma muka tsallaka burtalin zuwa mota.